Bayoloji ya zauna, fiziks da kemistiri sun ƙi: amsa ga mai shirin sake zaman OAT

Wasiƙar wannan makon daga birnin Shikago na Amurka ta zo, ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Ina shekarar ƙarshe a digirin bayoloji, burina in zama likitar awon ido da tabarau. Na zauna jarrabawar shiga makarantar, wato OAT. Bayoloji na ci 350, amma fiziks 270, kemistiri na gama-gari 280, oganik 290. Wallahi na yi karatu. Wata uku ina kallon bidiyon darussa, na cika littafi da fomuloli na haddace, amma da na shiga ɗakin lokaci ya ƙare ban gama ba. Ina aiki kwana uku a mako a wani asibitin ido. Abbana ke biya mini kuɗin makaranta, har yau ban faɗa masa ba, in ya tambaya sai in ce sakamako bai fito ba. So nake in sake zama da zarar an ba ni dama, kafin ya sani. Ko dai kaina ne ba na lissafi ba, in haƙura?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Kada ki haƙura, kuma kada ki koma ɗakin nan da gaggawa. Duka biyun tsoro ne yake raya miki su.

Makin OAT daga 200 yake tashi ya tsaya a 400, an kuma tsara shi yadda 300 zai zama tsaka-tsaki. Yarinyar da ta ci 350 a bayoloji, a kan kujerar nan, agogon nan yana bin ta, ba za a ce ba ta da kai ba. Abin da na gani a lambobinki shi ne kin ɗauki hanyar da ta fisshe ki a bayoloji, wato a karanta a maimaita har abu ya zauna, kika kai ta inda ba ta ci. Bayoloji yakan tambaye ki abin da kika sani. Fiziks da kemistiri kuwa aiki suke miƙo miki su ce ki yi shi yanzu, da hannunki, kafin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu su wuce. Wata ukun da kika yi kina kallon malami yana warware tambaya a bidiyo, shi ne yake ƙara ƙwarewa, ke kina gyaɗa kai. Ko shekara mace ta yi tana kallon ana tuƙa tuwo, ranar da aka miƙa mata muciya sai ya yi gudaji.

Amma kafin mu buɗe littafi bari mu gama da maganar Abba, don ita ta fi damuna a wasiƙarki. Ki faɗa masa cikin makon nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk ranar da kika ƙara cewa sakamako bai fito ba, kina ƙara wa kanki nauyin da za ki shiga ɗakin jarrabawa da shi. Mutumin da yake cire kuɗin karatun Amurka daga guminsa ya cancanci ya ji gaskiya daga bakinki, ba daga wani waje ba. Idan kina jin nauyinsa, ki fara da Umma, ki roƙe ta ta zauna tare da ku. Ki ce, "Abba, ka yi mini afuwa, sakamako ya fito tun tuni, tsoro ne ya hana ni faɗa. Ga inda na yi kyau, ga inda na gaza, ga kuma shirin da na yi." Ki tafi da shirin a rubuce. Zai iya yin faɗa, ki sunkuyar da kai ki saurara. A sanina da iyaye, ɓoyewar ta fi yi musu ciwo a kan makin kansa, kuma uba in ya ga 'yarsa ta zo da tsari yakan sauko da wuri. Za ki kuma bukaci addu'arsa da kuɗin sake rajista, to ta yaya za ki nemi waɗannan a ɓoye?

Akwai wani dalilin da ya sa na ce kada ki yi gaggawa. Makarantu suna ganin sakamakon zaman da aka yi a baya, kuma wanda ya zauna sau uku sai ya nemi izini na musamman kafin ya ƙara. Ke nan zama na biyu yana da tsada, ba a kuɗi kaɗai ba. Idan kika tashi daga 270 zuwa 330 a fiziks, masu tantancewa za su ga yarinyar da ta gane matsalarta ta gyara. Idan kuwa kika koma kika kawo 280, kin ba su shaida biyu a kan abu ɗaya. Tazarar da ƙa'ida ta ce a bari tsakanin zama da zama mafi ƙarancin lokaci ce kawai, ba ita ke nuna kin shirya ba.

Yanzu ki ɗauko takarda mu lissafa lokacin da kika ce ya ƙare miki. Sashen farko tambaya 100 ne cikin minti 90: bayoloji 40, kemistiri na gama-gari 30, oganik 30, duk a agogo ɗaya. Fiziks tambaya 40 ne cikin minti 50, wato daƙiƙa 75 ga kowace tambaya, kuma ba a zuwa gare shi sai bayan an gama sashen farko da na fahimtar rubutu an yi hutu, lokacin da kai ya riga ya ɗauki zafi. Kalkuleta kuwa a sashen lissafi kaɗai take fitowa a fuskar kwamfuta. A fiziks da kemistiri babu ita. Abin da za a ba ki a cibiyar Prometric, inda ake zaman jarrabawar, shi ne allon rubutu mai santsi da maka, sai jadawalin sinadarai da za ki iya buɗewa a sashen farko. Idan duk karatunki da kalkuleta a gefe kika yi shi, to ga rabin amsar tambayarki nan. Daga yau ki jefa ta a durowa.

Ki sauke littafin jagorar jarrabawar na bana daga shafin ADA, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka da ke gudanar da ita a madadin ƙungiyar makarantun awon ido, ASCO. Kyauta ne, kuma a ciki aka jera duk batutuwan da ake tambaya. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya da biro, ki yi wa kowanne alama tsakaninki da Allah: wannan ina iya warware tambayarsa ba tare da na leƙa ba, wannan na san shi amma hannuna bai saba ba, wannan kuwa ban san shi ba sam. Kashi na biyun ne zai fi yawa, kuma a nan makinki yake kwance.

Mu fara da fiziks, tunda shi ya fi ba ki kashi. Tunda babu kalkuleta, masu shirya tambayoyin suna zaɓar lambobin da za su warwaru da ka. Jan ƙasa ki ɗauke shi 10 maimakon 9.8. Sin 30 rabi ne, sin 45 kusan 0.7, sin 60 kusan 0.87, √2 kusan 1.4, √3 kusan 1.7. Waɗannan su zauna a bakinki kamar lambar wayarki. An saki dutse daga bene mai tsawon mita 20, yaushe zai taɓa ƙasa? Rabin 10 biyar ne, 20 a raba da 5 huɗu ne, tushen huɗu biyu ne: daƙiƙa 2, kuma zai iso da gudun mita 20 a daƙiƙa. Wannan bai kamata ya ci miki daƙiƙa ashirin ba. Idan kika ga lissafinki ya fara haifar da dogayen lambobi masu wutsiya, ki tsaya, yawanci kin saki hanya ne.

Tambayoyi da yawa ma ba lamba suke nema ba, so suke su ga ko kin san yadda abu ke canzawa in an taɓa ɗan'uwansa. Mota ta ninka gudunta biyu, ƙarfin motsinta ya ninku huɗu, don haka nisan da za ta ci kafin birki ya tsayar da ita ma huɗu ne. An nisanta caji biyu ninki biyu, ƙarfin da ke tsakaninsu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Lilo mai igiya, in aka ƙara masa nauyi lokacin kai-komonsa ba ya canzawa, amma in aka ninka tsawon igiyar huɗu lokacin ya ninku biyu. Don haka duk fomular da ke cikin littafin nan naki, ki daina karanta ta kamar wanda ke tilawa. Ki riƙa yi mata tambaya: in na ninka wannan, me zai sami wancan? In wannan ya zama sifili fa? Fomular da kika yi wa haka sau uku ba ta ƙara ɓace miki.

Kuma ki riƙa zane. Akwati a kan gangara, ki zana shi ki fitar da kibiyoyin ƙarfin da ke kansa kafin ki rubuta harafi ɗaya. Da'irar lantarki, ki sake zana ta da hannunki ki ga waɗanne resisto ne a jere, waɗanne ne kafaɗa da kafaɗa; mai om 6 da mai om 3 in suna kafaɗa da kafaɗa om 2 suke bayarwa, kuma dole amsar ta gaza ƙaramin cikinsu, wanda shi kaɗai ya isa ya zubar miki da zaɓi biyu ko uku. Daƙiƙa goman da zane zai ci sun fi minti biyun da za ki yi kina juya tambaya a ka.

Inda nake so ki fi daɗewa shi ne babin haske da gilasai, kuma a nan kin fi yawancin abokan zamanki gata ba ki sani ba. Kina aiki a asibitin ido. Lambobin nan da kike gani a takardar tabarau kullum, +2.00, −3.50, fiziks ɗin da kike gudu ne a rubuce. Dayofta, wato ma'aunin ƙarfin gilashi, ita ce ɗaya a raba da nisan matattarar hasken gilashi a ma'aunin mita, shi ke nan. Gilashi mai +2.00 yana tara haske a rabin mita, santimita 50. Yaron da ba ya ganin allo, wanda komai ke dushe masa da zarar ya wuce santimita 50, gilashin watsa haske mai −2.00 yake bukata, don ya jawo masa abin da ke nesa ya ajiye hotonsa a inda idonsa ke iya kamawa. Ki tuna kuma da tsohuwar da ke miƙe hannu da Alƙur'ani can nesa kafin ta ga wasula. A ce mafi kusan inda take gani sosai mita ɗaya ne, tana kuma so ta yi karatu a santimita 25. Ɗaya a raba da 0.25 huɗu ne, a cire ɗaya a raba da ɗaya, saura uku: +3.00. Lissafin da likitar da kike yi wa aiki take yi ke nan a kanta kafin ta miƙa hannu cikin akwatin gilasan gwaji. Ki nemi izininta, in babu marasa lafiya, ki ɗauki gilashi mai +10.00 ki tsaya kusa da bango mai fuskantar taga, ki matsa da shi har hoton tagar ya fito a bangon, ƙarami, a kife. Ki auna tazarar, za ki samu kusan santimita 10. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake ruɗewa a kan wane hoto ne na zahiri, wanne ne na gizo.

Daga nan sai ki kama fomular siririn gilashi ki yi ta aiki da ita har ta gaji da ke. Abu yana santimita 30 daga gilashi mai matattara a santimita 10: ɗaya bisa 10 a cire ɗaya bisa 30 ya ba da biyu bisa 30, hoton yana santimita 15 a ɗaya gefen, a kife, rabin girman abin. Sai ki matso da abin zuwa santimita 20, sai 10, sai 5, ki ga yadda hoton ke girma, ya ɓace, ya dawo a tsaye ta gefen da abin yake. Mafi yawan makin da ake zubarwa a babin nan a kan alamar tarawa da ta ɗebewa ake zubar da shi, don haka ki riƙe ƙa'idar alama guda ɗaya, ta littafi ɗaya, kada ki haɗa ta wannan malami da ta wancan. Lanƙwasar haske ma haka. Ma'aunin lanƙwasa na iska 1 ne, na ruwa 1.33, na gilashi kusan 1.5, na tantanin gaban ido kuwa, wato koniya, kusan 1.38. Ido gaba ɗaya ƙarfinsa kusan dayofta 60 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga koniya yake zuwa, saboda a nan ne haske ke barin iska ya shiga abu mai kauri. Shi ya sa in mutum ya buɗe ido a cikin ruwa komai ke dushewa: 1.33 da 1.38 sun yi kusa, koniya ta rasa aikin yi. Wannan ilimi ba baƙonmu ba ne ma. Ibn Sahl ya rubuta dokar lanƙwasar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibn al-Haisam ɗan Basra kuma ya tabbatar a Alƙahira cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba. Ina faɗa miki ne don ki daina kallon babin nan a matsayin shingen da aka gitta miki. Sana'ar da kike nema ce tun daga tushenta, kuma shekara huɗun da za ki yi a makarantar da shi za a fara miki.

Kemistiri na gama-gari kuwa kusan duk a kan mol yake tsaye, wato ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari. Duk abin da aka ba ki, giram ne, lita ce, ki fara mayar da shi mol. An haɗa giram 4 na haidirojin da giram 16 na oksijin, ruwa nawa za a samu? Mol 2 ne da rabin mol. Kowane mol na oksijin yana cin mol biyu na haidirojin, don haka oksijin ne zai fara ƙarewa, a samu mol ɗaya na ruwa, giram 18, a bar giram 2 na haidirojin. Mai gaggawa zai ga 4 ya fi 16 ƙanƙanta ya ce haidirojin ne zai ƙare, kuma ki tabbata amsarsa tana cikin zaɓin da aka jera, tana jiransa. Haka tambayoyin gas: zafi a ma'aunin Kelvin ake sa shi, a ƙara 273. Daga digiri 27 zuwa 54 ba ninki biyu ba ne, daga 300 ne zuwa 327. Mol ɗaya na gas a daidaitaccen yanayi lita 22.4 yake ci.

Lissafin pH, wato ma'aunin tsamin asid, ba tare da kalkuleta ba shi ke firgita ɗalibai, alhali ɗan abu kaɗan yake bukata. HCl mai ƙarfin 0.01 pH ɗinsa 2 ne. In aka ba ki 2 × 10⁻⁵, ki san log na 2 kusan 0.3 ne, ki cire shi daga 5, ki samu 4.7. Ko ba ki tuna 0.3 ba, kin san amsar tana tsakanin 4 da 5, kuma sau da yawa zaɓi ɗaya ne ke wurin. Asid masu ƙarfi 'yan kaɗan ne, HCl, HBr, HI, HNO₃, H₂SO₄, HClO₄, su ki haddace. Nan hadda tana da amfani. A babin daidaito ki ɗauki haɗin amoniya, N₂ da 3H₂ su ba da 2NH₃ tare da fitar da zafi, ki yi ta wasa da shi: a ƙara matsi, ya karkata inda mol na gas suka fi kaɗan, a ƙara zafi, ya koma baya, a sa katalis, ya yi sauri amma bai gusa ko'ina ba. Misali ɗaya da kika tatse sosai ya fi shafi goma da kika bi da ido.

Oganik ne ya fi yaudarar masu kaifin hadda irinki, domin kamar jerin abubuwan haddacewa yake, ɗaruruwa. To ba a cin sa da haka. Labari ɗaya ne ake ta maimaitawa: wurin da elektiron suka yi yawa yana kai wa wurin da suka yi ƙaranci hari. Ki riƙa zana kibiyar da kanki, daga mai yawa zuwa mai ƙaranci, kina tambayar wane caji ne ya fi samun natsuwa. Idan kika gane dalilin da ya sa kabon mai maƙwabta uku ya fi jure cajin tarawa, to SN1 da E1 da ƙa'idar Markovnikov duk sun zo hannu a tare. Idan kika gane cewa SN2 ta baya yake shigowa, kin san dalilin da ya sa yake son kabon da ba cunkoso, da dalilin da ya sa siffar ke juyewa. Ki riƙe tsanin pKa a ka: asid na kaboksil wajen 5, fenol wajen 10, alkohol wajen 16, alkain na ƙarshen sarƙa wajen 25, alkan, wanda ba shi da haɗi biyu, can wajen 50. Sai 'yan abubuwan da ba makawa a san su: NaBH₄ yana taɓa aldehaid da keton ya ƙyale esta, LiAlH₄ kuwa ba ya ƙyale ko ɗaya, PCC yana kai alkohol na farko ga aldehaid ya tsaya, a hoton IR tsini mai kaifi wajen 1700 kabonil ne, faffaɗan kwari wajen 3300 kuwa OH ne. Ki rubuta waɗannan a farar takarda daga ka duk safiya, ba ki karanta su daga littafi ba. Bambancin yana da girma.

In kuma ranki ya fara cewa me ya haɗa likitar ido da cis da trans, ki tuna cewa gani kansa daga nan yake farawa. A tantanin bayan ido akwai ƙwayar retinal, wadda jiki ke samarwa daga bitamin A. Tana zaune a lanƙwashe, a siffar 11-cis, haske na taɓa ta sai ta miƙe ta koma trans, wannan miƙewar ce ke tayar da saƙon da ke tafiya ƙwaƙwalwa. A kan binciken wannan George Wald ya samu kyautar Nobel a 1967. Dundumin da ke kama yaro in bitamin A ya yi masa ƙaranci, har ya riƙa laluben bango bayan magariba, ga asalinsa nan a babin da kike ganin ba ruwanki da shi.

Yanzu tsarin kwanakinki. Da aiki kwana uku da darussan shekarar ƙarshe, ni dai ina ganin ki ba kanki wata uku zuwa huɗu. A ranakun aiki awa ɗaya da rabi ta isa, bayan sallar asuba, kafin waya ta fara ƙara. A sauran ranaku awa uku zuwa huɗu, a raba biyu. Kowane zama ki fara da tambayoyi, ba da karatu ba. Ki gwada goma, ki faɗi a huɗu, sannan ki buɗe littafi ko bidiyo don waɗannan huɗun kawai. Kada ki ware wata guda ga fiziks sannan wata guda ga kemistiri, kafin ki dawo na farkon ya tsiyaye; ki riƙa cuɗa su a mako ɗaya. Littafi ɗaya da tarin tambayoyi ɗaya sun wadatar. Kada ki sake kashe kuɗin Abba a kan manhaja ta uku da ta huɗu, wadda kike da ita ba ki tatse ta ba.

Ki sayi ƙaramin littafi na kurakurai. Duk tambayar da kika faɗi, har wadda kika ci da sa'a, ki rubuta ta da dalilin faɗuwar a layi ɗaya: ban san ƙa'idar ba; na sani amma ban gane ita ake nema ba; na manta mayar da santimita mita; na karanta da sauri ban ga "banda" ba. Bayan mako biyu ki karanta shi daga farko. Za ki tarar kurakuranki ba su kai yadda kike zato yawa ba, guda biyar ko shida ne suke ta sake riga suna dawowa. Ranar Lahadi ki sake warware tambayoyin makon a farar takarda, ba tare da kin kalli amsa ba.

Makonni huɗun farko kada ki sa agogo, ki bari hannu ya saba. Daga nan ki sa shi, ki fara da tambaya goma a minti goma sha biyu. A wata na ƙarshe ki yi cikakkiyar jarrabawar gwaji sau ɗaya a mako, kusan awa biyar a zaune, a lokacin da za ki yi ta gaske, a kan kwamfuta, da allo da maka, waya a wani ɗaki. Washegari ki ba bitarta yini guda. Kada ki tsayar da ranar zama sai kin ga fiziks da kemistiri biyun sun haura 320 a gwaji uku a jere. Ki kuma duba shafin kowace makarantar da kike so, yawancinsu suna wallafa matsakaicin makin waɗanda suka ɗauka, shi ne zai nuna miki inda za ki sa ido. Shafin neman gurbi na OptomCAS da bazara yake buɗewa, kuma makarantu da yawa suna ɗauka ne yayin da takardu ke shigowa, don haka wanda ya riga ya fi samun wuri. Duk da haka, in lissafi ya nuna ba za ki shirya a kan kari ba, gara ki jira zagaye mai zuwa kina aikinki a asibitin, kina tara sa'o'in gogewa da wasiƙar shaida daga likitar, da ki tura takarda da makin da ke kanki ba ki yarda da shi ba.

Ranar zaman kuma, tunda bayoloji naki ne, ki gama shi cikin minti 25 ko ƙasa da haka, ki tara wa kemistiri sauran. Tambayar da kika karanta sau biyu ba ki ga ƙofarta ba, ki zaɓi amsa, ki sa mata alama, ki wuce. Wadda ke gaba mai sauƙi makinsu ɗaya. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ki bar ko ɗaya babu amsa, ko da saura daƙiƙa talatin ne ki cike su. Hutun da ake bayarwa kafin fiziks ki karɓe shi, ki fita, ki sha ruwa, ki ci ɗan abu mara nauyi, kada ki tsaya tuna tambayoyin da suka wuce. In kin dawo, abu na farko da za ki rubuta a allonki shi ne ƙa'idar alamar gilasai da lambobin sin ɗin nan uku.

Ki rubuto mini bayan kun yi magana da Abba, ki kuma turo shafin farko na littafin kurakuranki in gani. Allah ya yi miki jagora, ya ba ki sa'a.